Wace Waƙa Ce Yacht Rock, Kuma Wa Ke da Ikon Faɗa?

Akwai wani nau'in kiɗa da ya yi tashe a Amurka daga wajejen 1976 zuwa 1984. Ya ci kasuwa, ya kwashi kyaututtukan Grammy, yayinsa ya wuce, duk ba tare da masu yinsa sun taɓa jin sunan da ake kiransa da shi a yau ba. A lokacin, gidajen rediyo suna jefa shi ne cikin kwandon kiɗa mai taushi, wasu kuma su ce sautin gaɓar yamma ne, tunda akasari a Kalifoniya ake yinsa. Sai a 2005 wasu matasa a Los Angeles, J.D. Ryznar da Hunter Stair da abokansu Steve Huey da David Lyons, suka fara wani wasan barkwanci a intanet, suna kwaikwayon mawaƙa irin su Michael McDonald da Kenny Loggins, suna ƙago labaran shirme a kan yadda wai aka tsara waƙoƙinsu. Suka sa wa wasan suna Yacht Rock, wato kiɗan da ya dace da jirgin ruwan shaƙatawa na masu hannu da shuni. Wasa-wasa sunan ya tsallake daga kan wasan ya manne wa kiɗan. Kamfanin rediyo na SiriusXM ya buɗe tasha da wannan suna a 2015, HBO ta yi fim a kan tarihinsa a 2024, kuma tun daga nan gardama ta ƙi ƙarewa a kan wace waƙa ce ta shiga, wace ce ta tsaya a bakin ƙofa. Mai karatu yana iya cewa wannan ai musun waɗanda suka ƙoshi ne. Gaskiya ne babu wanda zai kwana da yunwa saboda ita, amma tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce, ita ce wadda ɗalibin mantiƙi ke karo da ita a babin ta'arifi: idan muka tara abubuwa da yawa ƙarƙashin suna guda, akwai wani abu a cikinsu da ya haɗa su, ko kuwa bakinmu ne kawai ya haɗa su?

Matsayina shi ne akwai abin, kuma kunne yana iya kama shi. Yacht rock sana'a ce ta wani rukunin makaɗa a wani gari, waɗanda suka ɗauki ilimin jaz da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka suka zuba shi cikin waƙar rediyo ta minti huɗu, suka goge ta har ba a ganin ɗinki. Waƙa tana shiga ne gwargwadon yadda ake jin wannan aikin hannu a cikinta. Duk sauran abubuwan da mutane ke kafa hujja da su, teku da hular matuƙin jirgi da sanyin murya, kaya ne da suka biyo bayan sunan.

A fara da teku, domin nan ne mafi yawan mutane ke zamewa. Idan ambaton ruwa da jirgi ne sharaɗi, to waƙar Brandy ta ƙungiyar Looking Glass, wadda ta fito a 1972 tana ba da labarin wata mai hidima a mashayar bakin tashar jiragen ruwa da ke son wani matuƙi, ita ce za ta yi limanci. Haka ma Margaritaville ta Jimmy Buffett ta 1977, wadda gaba ɗayanta zaman kashe wando ne a bakin teku. Amma waƙar da kowa ya sallama mata a wannan fage, What a Fool Believes ta ƙungiyar Doobie Brothers, wadda McDonald da Loggins suka rubuta tare, babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Labarin wani bawan Allah ne da ya haɗu da tsohuwar budurwa yana zaton akwai wutar da za a hura, alhali ita a wurinta ba a taɓa kunna ta ba. Ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1979, ta ci manyan kyaututtukan Grammy biyu a 1980. Waƙar Sailing ta Christopher Cross ce ta rikita lissafi, domin ita ta haɗa biyun: tana maganar tuƙa jirgin ruwa, kuma an yi ta da irin wannan sana'a. Dacewa ce kawai. Da Cross ya canza kalmomin ya yi maganar tafiya a ƙasa, kiɗan bai motsa daga inda yake ba.

Taushi ma bai isa ba, duk da cewa ya fi teku kusa da gaskiya. Waƙoƙi masu taushi sun cika shekarun 1970, kuma akasarinsu daga kiɗan karkarar turawan Amurka suka tsiro: jita ta katako, haɗin sauti uku ko huɗu da ake ta maimaitawa, murya mai ban tausayi. Wanda ya kasa kunne ga What a Fool Believes zai ji wani abu dabam. Fiyano ce ke jan ragama, tana wani tsalle-tsalle da ba ya sauka inda kunne ke jira, sautukan da aka haɗa suna sauyawa kusan kowane taku, kuma idan aka zo amshi sai waƙar ta koma wani ma'aunin sauti gaba ɗaya ba tare da mai sauraro ya ji an girgiza shi ba. McDonald yana rera ta da murya mai kauri kamar ta mawaƙan coci na baƙaƙen fata, sannan ya cilla ta sama ta siranta. Mai wanke mota zai iya binta da fito, amma makaɗin da ya zauna zai koye ta sai ya yi gumi. A nan sirrin yake, wahala ce aka ɓoye a cikin sauƙi. Dubi kuma yadda aka ɗauki waƙar Peg ta Steely Dan a kundin Aja na 1977. Walter Becker da Donald Fagen, masu Steely Dan, sun daina yawon wasa tun 1974, sun tare a situdiyo suna hayar gwanaye, har kundin ya ci makaɗa kusan arba'in. Saboda ɗan guntun kiɗan jita na tsakiyar Peg, wanda bai kai rabin minti ba, sun gwada fitattun makaɗa ɗaya bayan ɗaya suna sallamarsu, sai da aka zo kan Jay Graydon suka ce ya yi. Chuck Rainey, mai jita mai kaurin amo, ya ba da labarin cewa sun hana shi marin tsirkiya da babban yatsa kamar yadda ake yayi a lokacin, shi kuwa ya ga wurin yana buƙata, sai ya juya musu baya ya yi abinsa, suka ji ya yi daɗi suka bar shi. McDonald kuma aka sa shi ya yi amshi, murya bisa murya, sautukan a matse da juna ta yadda kuskuren gashi ɗaya zai ɓata su duka. Irin wannan ƙwaƙƙwafi da kashe kuɗi ne ya sa sunan jirgin attajirai ya zauna wa kiɗan, domin duk wanda ya ji ya san ba a araha aka yi shi ba.

Daga ina wannan ilimin ya fito? Daga jaz da soul da R&B, kiɗan baƙaƙen fata, kuma makaɗan ba su taɓa ɓoye hakan ba. Jeff Porcaro, mai gangar ƙungiyar Toto, ya bayyana da bakinsa cewa salon bugun da ya yi a waƙar Rosanna ta 1982 ya gina shi ne a kan salon Bernard Purdie, ya haɗa da na John Bonham da na Bo Diddley. Purdie ɗin nan baƙar fata ne da ya yi wa Aretha Franklin kiɗa, kuma shi ma ya buga ganga a kundin Aja. Ruwan kuma bai gudana ta hanya ɗaya ba. Graydon da David Foster da Bill Champlin su suka rubuta suka kuma miƙa wa Earth, Wind & Fire waƙar After the Love Has Gone ta 1979. Graydon ne ya tsara wa Al Jarreau kundin Breakin' Away a 1981, kuma shi da Champlin da Steve Lukather na Toto suka rubuta wa George Benson Turn Your Love Around. Da zamani ya juya, mawaƙan hip-hop suka dawo suka ɗebi abinsu: De La Soul suka yanko daga Peg a 1989, Warren G ya gina Regulate a 1994 a kan wata waƙar McDonald ta 1982. Ba su je wurin Jimmy Buffett neman irin wannan ba, domin sun san inda kayan gidansu suke.

Ganin yadda sunaye ƙalilan ke ta maimaituwa a bayan fayafayan, wasu sun yanke cewa ma'aunin shi ne mutanen: a duba wa ya yi kiɗan, in an ga Porcaro ko McDonald ko Graydon ko Foster, magana ta ƙare. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. McDonald da Porcaro sun yi aiki tare a kundin Katy Lied na Steely Dan a 1975. A shekarar da ta biyo baya McDonald ya sauya wa Doobie Brothers sauti, su kuma Porcaro da David Paich da David Hungate suka yi wa Boz Scaggs kiɗan Silk Degrees, daga nan suka kafa Toto. Shi ya sa ake fara ƙidaya daga 1976. Sai dai sunan makaɗi shaida ce, ba shi ne abin da ake shaida a kai ba, kuma kundi guda ya isa ya nuna hakan. A Thriller na Michael Jackson, na 1982, 'yan Toto sun yi kiɗa a Human Nature, wadda Steve Porcaro ya tsara, sun kuma yi a Beat It, inda Lukather ya riƙe jita Jeff Porcaro ya riƙe ganga. Kundi ɗaya, Quincy Jones ɗaya ke jagora, hannuwa kusan ɗaya, amma ta farkon yacht rock ce tsantsa, ta biyun kuwa ko mai son zuciya ba zai kira ta haka ba. Ashe abin da hannun ya yi a ranar ake nema. Sanin mai hannun yana gaya maka inda za ka fara dubawa ne kawai.

Suka ta farko da za a yi wa wannan matsayi ita ce sunan ya zo a makare, cikin zolaya, kuma wasu daga cikin masu kayan sun ƙi shi. Mawaƙi Daryl Hall ya sha nuna ƙyamarsa. Da mai shirya fim ɗin HBO, Garret Price, ya kira Fagen a waya ya gaya masa abin da fim ɗin ya ƙunsa, zagi ya sha aka kashe waya. Ta yaya za a ce mutum ya yi wani nau'in kiɗa alhali bai san da shi ba, da aka gaya masa kuma ya ce bai yarda ba? Amsar tana cikin wani ilimi da masu rubuta waƙar Hausa suka sani sarai. Imru'ul Ƙaisi bai taɓa jin kalmar Ɗawil a matsayin sunan karin waƙa ba, domin sai a ƙarni na 8 Khalil ɗan Ahmad ya zauna a Basra ya bi waƙoƙin Larabawa ya fitar da karuruwa 15 ya raɗa musu suna, daga baya Akhfash ya ƙara na 16. Babu mai hankalin da zai ce Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi ba ta hau Ɗawil ba don mai ita bai san sunan ba. Karin yana nan a cikin baitocin tun kafin a haifi Khalil, abin da ya yi shi ne ya ji shi ya nuna wa mutane. Zolaya ma ba ta ɓata suna. A 1874 wani ɗan jarida a Faransa, Louis Leroy, ya ɗauki sunan wani zanen Claude Monet ya yi wa shi da abokansa ba'a da shi, yau kuma da wannan ba'ar ake karantar da tarihin zanensu a jami'o'i. Fushin Fagen abin fahimta ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nazarin jaz ba zai so a ajiye shi kusa da hular matuƙin jirgi ba. Amma mai aiki yana da iko a kan aikinsa, ba shi da iko a kan kamannin da ke tsakanin aikin nasa da na maƙwabcinsa.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Malaman mantiƙi, tun daga Aristotle har zuwa Sullam na Akhdari da ake karantawa a zaurukanmu, suna son ta'arifi ya zama mai tattarawa mai hanawa, ya kwaso duk 'yan gida ya kuma tare baƙo. Yacht rock ba shi da irin wannan. Ka ce dole sai da fiyanon lantarki ta Fender Rhodes, a kawo maka waƙar da babu ita. Ka ce dole a Los Angeles, a tuna maka cewa Steely Dan sun yi yawancin aikin Gaucho na 1980 a New York. Mai suka zai ce abin da ba ya karɓar iyaka ba abu ba ne, ra'ayi ne. To amma in haka ne, kalmomi kaɗan ne za su tsira. Ludwig Wittgenstein, a littafinsa da aka buga a 1953 bayan rasuwarsa, ya ɗauki kalmar wasa ya nuna babu siffa ɗaya da ta game dukkan wasanni, sai kamanni da ke shiga juna irin na 'yan dangi, kuma duk da haka ba ma ruɗewa wajen amfani da kalmar. Ƙarnuka kafin shi Ibn Taimiyya, a raddinsa ga masu mantiƙi, ya riga ya ce aikin ta'arifi shi ne rarrabe abu daga waninsa, kuma mutane suna sanin abubuwa sarai ba tare da sun iya kawo haddinsu ba. Waɗanda suka raɗa sunan yacht rock, ko sun karanta waɗannan ko ba su karanta ba, hanyar da suka bi ke nan. A shirin da suka fara a 2016 sun ƙirƙiro ma'auni daga 0 zuwa 100, kowannensu ya ba waƙa maki a haɗa a raba, wadda ta kai 50 ta shiga, kuma What a Fool Believes ce ke zaune a kan 100. Wato an kafa misali a tsakiya ana auna nisan kowace waƙa daga gare shi. Za a samu waɗanda suka faɗa a 48 ko 52, inda masu kunne za su saɓa har abada, kuma wannan ba aibi ba ne. Samuwar almuru ba ta sa an rasa bambance rana da dare ba.

Sai dai akwai rami a cikin maganar kamannin dangi, kuma ta nan ne ɓarnar ta shigo. Komai yana kama da wani abu ta wata fuska. Sailing tana kama da What a Fool Believes ta fuskar sana'a, Margaritaville tana kama da Sailing ta fuskar teku, waƙar Escape ta Rupert Holmes ta 1979 tana kama da Margaritaville ta fuskar abin sha da hutu, kafin ka ankara an kai ga duk wata waƙa da wani baturen da ya manyanta ke tunawa da ita a lokacin zafi. Kowane taku ƙarami ne, amma an yi nisan da ba a hango gida. Maganin shi ne a riƙa komawa ga misalin tsakiya a kowane karo, a kuma tambaya ta wace fuska ake kamar. Wittgenstein ya kwance mana ƙullin neman siffa ɗaya, bai ce kowace kama daidai take da kowace ba.

Suka ta uku ita ce wadda ba a iya ture ta gaba ɗaya. Harshe na masu magana da shi ne. In miliyoyin mutane suna kunna tashar rediyo suna jin Brandy da Escape da waƙoƙin ƙungiyar Eagles ƙarƙashin wannan suna, suna sa hular matuƙi suna zuwa wasa, da wane dalili mutum huɗu da magoya bayansu za su ce duk sun yi kuskure? Na yarda cewa ma'anar kalma a bakin jama'a ita ce yadda jama'a ke amfani da ita, kuma mai rubuta ƙamus dole ya rubuta hakan. Amma malaman usulu sun daɗe da raba al'adar gama-gari da isɗilahin masu fanni, kowanne da wurinsa. Tambayar ita ce wanne daga cikin biyun ke yin aiki. Ma'anar gama-gari ba ta gaya maka komai game da waƙar sai shekarunta da cewa ba ta da hayaniya, kuma akwai tsohon suna, wato kiɗa mai taushi, da ke yin wannan aikin tun da. Ma'anar masu fanni kuwa tana iya yi maka jagora: in ka so wannan, je ka nemi Jarreau, nemi Benson, nemi Brenda Russell, za ka sami abin da kunnenka ke nema ko da ba ka taɓa jin sunansu ba. Sunan da ke kai ka ga abin da ba ka sani ba ya fi wanda ke maimaita maka abin da ka riga ka sani. Akwai kuma batun adalci. Idan aka bar hoton jirgi da attajiri ya zama ma'auni, waɗanda ake fara mantawa su ne baƙaƙen fatar da aka samo kiɗan daga gidansu, a cike gurbinsu da turawa masu jita ta katako waɗanda ba su da alaƙa da sana'ar. Ma'anar da ke korar Benson ta shigo da Buffett ta karkatar da tarihi, ko mutum nawa ne suka riƙe ta.

Wannan bai mayar da Ryznar da abokansa sarakunan da ba a ɗaukaka ƙara a gabansu ba. Sun ji abu sun nuna shi, kuma da zarar sun nuna, kowa yana iya sa kunnensa ya ce sun yi daidai a nan sun zame a can, muddin hujjarsa daga cikin kiɗan ta fito. Haka nan shekarun 1976 zuwa 1984 tarihin tashen abin ne, wanda ya dushe bayan MTV ta zo a 1981 ta mayar da hankali kan fuska da ado, na'urori kuma suka fara cin aikin makaɗan haya. Ba katanga ba ce da ta hana na baya shiga. Ƙungiyar Young Gun Silver Fox ta Landan tana yin wannan kiɗa tun 2015, Thundercat kuma ya gayyato McDonald da Loggins cikin waƙarsa a 2017, kuma wanda ya hau karin Ɗawil a bana Ɗawil ya hau. A kan wannan ma'auni Human Nature ta shiga, Turn Your Love Around ta shiga, Rosanna da Peg sun shiga ko Fagen ya so ko bai so ba. Brandy da Margaritaville da Escape waƙoƙi ne da suka yi wa masu su rana, amma ba yacht rock ba ne.